Garken Alminiyum na Kakana

Kakana bai taɓa yarda cewa zubin alminiyum sana'a ce ba. A wurinsa sana'a ɗaya Allah ya saukar, kiwon shanu, sauran duk kame-kame ne na waɗanda ba su gaji komai ba. Idan na dawo daga wurin aiki da yamma, baƙi ƙirin, ina warin gawayi da baƙin mai, sai ya ɗago kai daga tabarmarsa a zaure ya ce, "Mai dafa gwangwani ya dawo. Yau ya nuna, ko da saura?" Ni kuma in ce, "Ya nuna, Kaka. Naka garken fa, an kai su mashaya?" Sai ya fara laluben sanda. Na san tsawon sandar, na san tsawon hannunsa, saboda haka kullum a daidai inda ba za ta same ni ba nake tsayawa.

Wasan jika da kaka ne, amma tawa maganar tana da ƙaya, don Kaka ba shi da ko ɗan maraƙi. Mu Shuwa ne, kakanninmu a bayan shanu aka haife su. A shekarun da daji ya lalace aka kore masa garkensa cikin yini ɗaya, ya shigo Maiduguri da rigar jikinsa, da akushin da yake shan nono, da wata tsohuwar jakar fata. A cikin jakar akwai ƙarfen shaida, wato ƙarfen da ake sawa a wuta a manna wa saniya a cinya don a san ta gidan wane ce. Ya sauka a gidan ɗansa, Baffana, a Dala, inda ni ma na tashi tun bayan rasuwar mahaifina. Lokacin da wannan abu ya faru ina da shekara ashirin da biyar, ina kuma da takardar makarantar koyon sana'a wadda ba ta samo mini aiki ko'ina ba sai a rumfar Baffa.

Baffa da tukwane ya fara a Bulabulin, irin zubin ƙasa. A danna tukunya cikin ƙasa mai laima, a zare ta, a zuba narkakken alminiyum a gurbin, a fasa ƙasar a ciro sabuwa. Kowace tukunya sai an sake aikin ƙasar daga farko. Ana haka sai wani Ibo mai shagon kayan gyara, tsohon abokin Baffa, wanda muke ce wa Oga, ya kawo masa shawara. Babura sun bar gari, keke mai ƙafa uku ya cika ko'ina, kuma abin da ya fi yawan karyewa a jikin keke shi ne hannun kuloci, ɗan alminiyum ɗin nan da direba ke matsawa da hannun hagu. Oga ya ce in Baffa zai iya zubo shi sumul, duk iri ɗaya, ko nawa ya yi zai kwashe. Ƙasa ba ta iya wannan aiki. Takan bar kaushi, kuma na yau ya fito da kauri, na gobe ya fito siriri. Dole sai da ƙarfen zubi.

Ƙarfen zubi ɓari biyu ne na baƙin ƙarfe, an sassaƙe siffar abin da ake so a cikinsu, rabi a nan, rabi a can. A haɗa su, a ɗaure, a zuba ta wata 'yar kafa da ke sama, a ɗan jira, a buɗe, abu ya faɗo, a sake rufewa. Ba a fasa shi kamar ƙasa, shi ne yau, shi ne baɗi. Namu gurbi biyu gare shi, kowane zubi tagwaye yake haifa. Baffa ya yi wata huɗu yana sintiri wurin mai injin sassaƙa ƙarfe kafin ya samu yadda yake so, kuma tun ranar da ya kawo shi ya fi lallaɓa shi a kan 'ya'yan cikinsa. Kowace safiya sai an ɗumama shi a kan gawayi, a turara masa hayaƙin tsumma mai baƙin mai har cikinsa ya yi baƙi, don kada zubin ya manne. Zubin farko-farko ba sa cika, saboda ƙarfen bai gama ɗaukar zafi ba, sai a mayar da su tukunya su sake narkewa.

Doka ɗaya Baffa ya kafa mana, kada wani ƙarfe ya taɓa cikin gurbin. "Kuskuren da ka yi a ƙasa, tukunya ɗaya zai ɓata," in ji shi. "Wanda ka yi a nan kuwa, sai ka gan shi a hannun kowane direba a garin nan." Na riƙe wannan magana gam. Shi dai gargaɗi ya yi, ni kuwa dabara na ji.

A shekarar ne Kaka ya ce zai koma daji da zarar ruwan farko ya sauka. Ba wasa yake yi ba. Ya wanke akushinsa, ya shafa wa jakar mai, ya aika aka ɗinke masa takalmi. Baffa ya roƙe shi, limamin unguwa ya roƙe shi, matan gida suka yi kuka har suka gaji. Ya ce shi bai ga dalilin da mutum zai zauna a garin da babu ko abu ɗaya mai ɗauke da shaidarsa ba. Rugarsu kuwa babu kowa a cikinta, hanyar ma sai wanda ya sayar da ransa yake bi. Dukanmu mun san in ya fita ƙofar nan ba za mu ƙara ganinsa ba, ba kuma za mu san inda aka binne shi ba, in ma an samu mai binnewar. Baffa ya rame cikin 'yan makonni, amma ba yadda zai yi, ba zai ɗaure mahaifinsa a turke ba.

Da na so in ce tausayi ne ya sa na yi abin da na yi, amma ƙarya ke nan. Tsoron tafiyarsa yana raina, wannan gaskiya ne, sai dai abin da ya ingiza ni tsokana ce tsagwaronta. Wata rana a gaban baƙi ya nuna ni da sanda ya ce, "Kun ga wannan? Ko akuya aka ba shi kiwo, narka ta zai yi ya zuba a ƙarfe." Baƙin suka kwashe da dariya. Na ce, "Kaka, kafin ruwa ya sauka sai na yi maka garken da ya fi wanda ka rasa." Suka ƙara wata dariyar, shi bai yi ba.

Shaidar gidanmu tana jikin akushinsa, shi ya ƙona ta da hannunsa. Sanda ce a tsaye, kanta ya lanƙwasa zuwa dama kamar ƙugiya, da ɗigo biyu a ƙarƙashin lanƙwasar. Na bari yana barcin rana na kwafe ta a takarda. Ranar Juma'a na je masallacin da limaminsa ya fi kowa gajeren huɗuba, ana sallamewa na dawo rumfa da gudu kafin kowa. Na buɗe ƙarfen zubi, na ɗauki ƙaramin kurfi da guduma, na fara sassaƙa a cikin gurbi ɗaya, ta gefen da zai zama ƙasan hannun kulocin, inda ido ba ya kaiwa sai yatsa. Na bi takardata tiryan-tiryan, ƙugiya ta dubi dama a takarda, ta dubi dama a ƙarfe. Ina shirin komawa kan gurbi na biyu na jiyo muryoyin masu dawowa daga masallaci. Na yi maza na turara hayaƙi ya rufe sabon zanen, na haɗa ɓari biyun, na zauna ina fifita kamar wanda bai san komai ba.

Sa'ata ɗaya, Baffa shi ke riƙe ludayin zubi, ni ke buɗewa, in yanke wutsiyar zubin, in goge da zarto, in jefa a buhu. Ba wanda ke juya hannun kuloci ya dubi ƙasansa sai ni. Washegari shaidar ta fito raɗau, ta yi ɗan tudu a jikin ɗaya daga kowane tagwaye. Na duba, na ga sanda, na ga ƙugiya, na ga ɗigo biyu, daɗi ya kama ni har sai da Baffa ya tambaye ni abin da nake wa murmushi. Ban tsaya duba inda ƙugiyar ta fuskanta ba. A wurina a lokacin, ƙugiya ai ƙugiya ce.

Shirina shi ne in bari su yi mako uku suna bazuwa a gari, sannan in lallaɓa Kaka mu shiga keke da sunan rakiya kasuwa, in kama yatsansa in ɗora a ƙasan kulocin in ce, ga saniyarka nan, sai dai ba ta ba da nono. Har na gwada yadda zan kauce wa sanda a cikin keke.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne wani tsoho da ke Ajilari, babban dillalin shanu, wanda kowa ke kira Alhaji. Mahaifinsa da mahaifin Kaka wa da ƙane ne. Da suka raba garke tun zamanin da, sai suka raba shaidar ma, wa, wato mahaifin Kaka, ya riƙe ƙugiya mai duban dama, ƙane, mahaifin Alhaji, ya juya tasa hagu. Na san da gabar da ke tsakanin tsofaffin biyu, amma zancen dama da hagu ban taɓa sa shi a kai ba. Laifin Alhaji a wurin Kaka ɗaya ne tak. Tun kafin daji ya lalace ya ce masa ya sayar da shanun ya shigo gari, Kaka ya kira shi matsoraci a bainar jama'a, sai ga maganar Alhaji ta tabbata. Da a ce hasashen Alhaji bai yi daidai ba, da Kaka ya yafe masa tuni. Shekara goma sha ɗaya ke nan ko gaisawa ba sa yi, a jana'iza ma kowa da gefen da yake tsayawa.

Saura kwana biyu mako ukun nawa su cika, bayan la'asar, hadari ya haɗu ta gabas. Mun dawo daga aiki ke nan, Baffa yana wanke hannu a ƙofar gida, sai keke ya tsaya. Alhaji ya fito da babbar riga, yana ƙamshin turare, bakinsa har kunne.

"Salamu alaikum, ɗan'uwana! Afe?"

Kaka ya amsa sallamar don wajibi ce, tambayar lafiyar kuwa ya bar ta a ƙasa. Alhaji ya zauna a kan tabarma ba tare da an ce ya zauna ba. Ya sa hannu a aljihu ya zaro sabon hannun kuloci, ya ajiye a tsakaninsu.

"Godiya na zo yi," in ji shi. "Jiya ina cikin keke na ga direba yana ta shafa ƙasan abin nan da yatsa. Na ce mene ne, ya ce wata alama ce sababbin ke zuwa da ita. Na sunkuya na leƙa, wallahi sai ga shaidar ubana! Na sauka a bakin kasuwa na tare keke goma, huɗu nawa ne. Na tambaya, aka ce ɗanka ne yake zuba su a Bulabulin. Ashe haka kuke ƙaunata a gidan nan kuna ɓoyewa? Ni ina can ina zaton fushi kake yi da ni."

Kaka ya ɗauki hannun kulocin, ya kai shi dab da idonsa, ya bi zanen da babban yatsa. Sannan ya miƙa wa Baffa. Baffa ya juya shi, ya duba, fuskarsa ta sauya, ya waiwayo ya zuba mini ido. Ni kuwa na ɗaga kai sama na ce da alama yau za a yi ruwa.

Alhaji ya sha ruwan da aka kawo masa har da neman ƙari, ya karɓi abinsa ya mayar aljihu. Yana shiga keke ya leƙo ya ce, "Na ji an ce daji za ka koma. Ka tafi hankalinka kwance, ɗan'uwana, garin yana hannuna."

Ruwan bai sauka ba ranar, iska ce ta kwashe hadarin. Da safe muka tarar da Kaka a zaure a tsaye, sanda a hannu, jakar fata a kafaɗa, sabon ɗinkin takalmi a ƙafa. Matan gida suka fara salati, na ce shi ke nan, na kore shi da hannuna tun kafin lokacin da ya ɗiba. Sai ya dube ni ya ce, "Wuce gaba. Kai ni wurin dafa gwangwanin." Tun zuwansa Maiduguri bai taɓa taka ƙafarsa rumfar nan ba.

Muna isa ya ce, "Buɗe." Na buɗe. Ya goge baƙin hayaƙin da yatsa, ga ƙugiyata nan a kwance, tana duban dama abinta.

"Daga ina ka kwafa?"

"Daga akushinka, Kaka."

Ya zaro ƙarfen shaida daga jaka ya kawo fuskarsa dab da hancina. "Duba nan. Ina ta duba?"

"Hagu."

"Ƙarfen da zai bar dama a cinyar saniya, hagu ake ƙera shi. Mai bin maruƙa ma ya san wannan. Shekara nawa ka yi a makaranta?"

Na faɗa masa.

"Da akuya aka tura, da ta dawo da wani abu."

Ya juya wurin Baffa ya ce a goge. Baffa, wanda tun jiya bai yi mini magana ba, ya ce cikin ladabi, "Baba, ba ya goguwa. In aka cike shi da walda ƙarfen zai murɗe, ɓari biyun ba za su ƙara haɗuwa ba. Abin da ya shiga ya shiga ke nan."

"Ɗaya gurbin fa?"

"Shi kam Allah ya tsare shi."

"To a sa tawa a ciki."

Baffa ya ce ai kuwa ba za a yi haka ba, ɓarna ɗaya ta isa, kuma Oga sumul ya ce yana so, yanzu ma bai san da wane ido zai dube shi ba. Yana rufe baki sai ga Oga da buhunansa, ya zo kwasar kaya kamar kullum. Ya ga tsoho a rumfa, ya rusuna ya gaishe shi, "Wushe, Baba." Baffa ya fara ba shi haƙuri, shi kuwa ya katse shi.

"Ni ma maganar nake so mu yi. Kada ku kuskura ku goge. Da can direba zai karya na wani shago ya kawo mini ya ce nawa ne, mu yi ta rantse-rantse har rana ta yi. Yanzu juyawa kawai nake yi in duba. Damuwata ɗaya, rabin kayan ba su da alamar. Wa ya kawo wannan dabara?"

Na buɗe baki zan ce ni ne, Baffa ya yi mini wani kallo, na mayar da bakina na rufe. Ya nemi buhun gawayi ya zauna a kai.

Haka na sake ɗaukar kurfi da guduma, wannan karo da izini, Kaka yana tsaye a kaina da sanda, ƙarfen shaidarsa yana jingine a gabana ina kwafa daga fuskarsa. Duk bugu biyu sai ya ce dakata, ya sunkuya ya duba, ya ce in ci gaba. Aikin da na yi ranar Juma'a cikin tsawon huɗuba ɗaya, sai da ya kai mu hantsi. Da aka gama aka ɗora ƙarfen a wuta, aka turara hayaƙi, Baffa ya ɗebo narkakke a ludayi zai zuba. Kaka ya kawo kuncinsa kusa da ƙarfen ya ce, "Bai yi ba."

"Baba, wannan fa ba cinyar saniya ba ce."

Ya zuba. Muka buɗe, zubin ya tsaya a rabin hanya, ko kusa da shaidar bai kai ba. Aka mayar tukunya. Baffa ya sake ɗebowa, Kaka ya sake kawo kunci ya girgiza kai, wannan karo Baffa ya tsaya da ludayi a hannu yana jira. Can sai tsohon ya ce, "Yanzu." Aka zuba, ya cika fal har bakin kafa. Ashe shekara hamsin ya yi yana auna zafin ƙarfe da kuncinsa, don in ya yi sanyi shaida ba ta kamawa, in ya wuce kima ya ji wa dabba ciwo. Mu da muke taƙama da sana'ar, da asarar zubin safe muke gane abin da shi fatarsa ke gaya masa.

Da hannun kulocin ya huce na miƙa masa. Ya juya shi, ya ɗora babban yatsa a kan ƙugiyar mai duban dama, ya bi ta daga gindi har kai. Idonsa ya kawo ruwa. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba, don a nan na gane abin da nake ta tsokana duk shekarun nan gyambo ne, ba abin dariya ba. Na so in ba shi haƙuri, na rasa ta inda zan fara. Shi ya fitar da ni, ya share ido da hannun riga ya ce ɗigo na biyu ya ɗan karkace.

Sai idonsa ya faɗa kan ɗayan tagwayen da ke ƙasa. "Wancan fa?"

"Na Alhaji ne, Kaka. Tare suke fitowa."

"Kullum?"

"Kullum."

"Kuma ya riga ni da mako uku."

"Saura kwana ɗaya su cika."

Ya sauke jakar daga kafaɗa, ya rataye ta a wata ƙusa da ke jikin ginshiƙin rumfa, ya zauna a kan benci. Ya nuna na Alhaji da sanda ya ce, "Wannan akwai aibi a jikinsa. Mayar da shi tukunya."

A makon ne ruwan farko ya sauka, mai yawa, har ya kashe mana wuta. Babu wanda ya yi zancen daji a gida, kowa ya kama bakinsa. Da limami ya yi subul da baka ya tambaye shi, Kaka ya ce tafiya tana nan, amma ba zai bar gari a hannun matsoraci ba, sai ranar da garkensa ya cim ma na Alhaji. Kullum tare muke fita. Shi ke cewa "yanzu" kafin a zuba na farko, shi kuma ya naɗa kansa mai duba kaya, ko da yake ban taɓa ganin ya samu aibi a jikin ƙugiyar dama ba. Ta hagu kuwa, yau ta yi kaushi, gobe ta karkace, jibi kallonta kawai bai yi masa ba. Da Baffa ya ga za a narkar masa da rabin aiki, sai suka yi sulhu a kan guda uku kowace safiya. Kaka yana kiran wannan yanka.

Na zauna na duba, in ana yanka uku kullum, wata rana zai cim masa, ya ɗauki jakarsa. Saboda haka wata Lahadi na shiga keke har Ajilari, na gaishe da Alhaji, na kai masa tsegumi cewa ana yanka masa dabbobi a Bulabulin. Litinin da sassafe sai ga shi da darduma da butarsa, ya ce ya zo gadin dukiyarsa. Ya zauna a wancan ƙarshen bencin. Kwana uku na farko ta bakina suke magana. "Gaya wa wancan mutumin idonsa ne ya karkace, ba kayana ba." "Gaya masa kowa ya san dabbar dillali ba ta rasa ɓoyayyen ciwo." A rana ta huɗu suka manta da ni suka fara zagin juna kai tsaye, kafin wata ya ƙare shayi ɗaya ake dafa musu. Duk wanda Kaka ya ce a yanka, Alhaji sai ya ɗaukaka ƙara wurin Baffa. In kuma duka biyun sun shagala da musun wani bijimi da ya mutu tun kafin a haife ni, nakan saci ɗaya daga na Kaka in sulale shi cikin tukunya. Allah ya yafe mini, amma na yi iya ƙoƙarina kada ratar nan ta rufe.

A gari ma bai bar mutane sun huta ba. Kafin ya shiga keke sai ya sa yatsa a ƙasan kuloci. In tasa ce ya shiga, ya yi ta yi wa direba faɗa har a sauka, ya riƙa matsa ta a hankali, ba a fizgar dabba. In ta Alhaji ce ya ce wuce, ya tsaya a rana yana jiran wani. Direbobin hanyar Dala suka san shi, daga nesa za ka ji ana kira, "Baba, zo, taka ce!"

Damina huɗu ya yi a kan bencin nan. Ya rasu da hantsi a ɗakinsa a Dala, kansa a kan cinyar Baffa. Mu muka wanke shi, mu muka ɗauke shi, kuma na san inda kabarinsa yake, ina zuwa. Jakar tana nan rataye a ƙusarta, ba wanda ya taɓa ta.

Bayan sadakar uku muka buɗe rumfa. Alhaji ya zo kamar kullum, ya zauna a ƙarshen bencinsa, ya bar wancan gefen babu kowa. Babu mai cewa "yanzu", sai da muka yi asarar zubi biyar kafin ɗaya ya cika. Na ciro tagwayen da awartaki na ajiye su huce. Alhaji ya ce, "Miƙo mini nawa." Na miƙa masa. Ya juya shi, ya duba, sumul yake, babu ko ƙwarzane. Ya ce, "Akwai aibi. Mayar da shi tukunya."

Na dubi Baffa, Baffa ya kau da kai. Na mayar. Na gaba ma haka, da wanda ya biyo shi. Har azahar ba ƙugiyar hagu ko ɗaya da ta shiga buhu, Baffa kuwa zuba kawai yake yi. Da aka kira salla Alhaji ya naɗe dardumarsa, ya tashi da ƙyar, ya tsaya a gabana.

"Jika, ya cim mini?"

Ban taɓa ƙirgawa ba, ko sau ɗaya. Na dubi tsohon, na ga yadda rigar ta yi masa yawa cikin kwana ukun nan.

Na ce, "Da saura, Alhaji."

Ya ce, "To, sai na dawo gobe."